Ɗakin da Ba Ya Tunawa

Ƙarfe biyun dare saura a Brno.
Taragon ƙarshe ya wuce ƙarƙashin taga, ya girgiza mini shayi,
ya bar ni da jan layi ɗaya a allo:
gwaji na ɗari da sha bakwai.
A kwamfutata kore yake shar kamar lawashi,
a can kuwa, kan injin da ke harhaɗa manhajarmu cikin dare,
sau tara ke nan yana faɗuwa.

Na rubuta wa Zdislav: ai a wurina yana aiki.
Ya amsa daga cikin bargo: ɗakinki ya san ki ne.
Na ji haushi. Na kuma san gwano ba ya jin warin jikinsa.

Injin nan ba sani ba sabo.
Kowane gwaji sai an gina masa ɗaki sabo fil,
bango huɗu, babu taga, an datse masa intanet,
agogon ma na aro.
Abin da takardar ƙunshi ta lissafa, shi kaɗai ake shigar masa,
ko allura ba a ƙarawa.
Da ya gama, a rushe ɗakin,
kada na bayansa ya tarar ko da sawu,
kada wani ya ci jarrabawa da guzurin wani.

Haka kakata Jindřiška take da kwalaben kokwamba a Znojmo.
Kowace sai ta tafasa ta ita kaɗai,
ta kife ta bisa farin ƙyalle,
cokalin da ya shiga wannan ba ya leƙa waccan.
Ina yarinya na ce ɓarnar wuta ce.
Ta ce, bari sai sanyi ya kai bango mu buɗe su,
ranar za ki ga yadda wake ɗaya ke ɓata gari.

To, na gina wa kaina wofin ɗaki.
Na shigo da kaya ɗaya bayan ɗaya,
ina gwadawa, ina rushewa, ina sakewa,
shayi ya huce, dusar ƙanƙara ta rufe motar maƙwabci,
sai wajen uku da rabi na gan shi.

Ɗan fayil ne, sunansa da ɗigo a gaba don kada ido ya kama shi,
kwance a ƙuryar kwamfutata.
Layi uku.
Kwanan wata: Nuwamba, shekara huɗu baya.
Wanda ya rubuta: Bohuslav Kratina.

Makona na farko a aiki ya jawo kujera kusa da ni,
rigarsa tana warin taba da ruwan sama,
ya ce, bari in sa miki wannan, na wucin gadi ne.
Bara da bazara muka raka shi makwancinsa.
Ashe shekara huɗu gwajina na jingine da shi
kamar mai gyangyaɗi a kafaɗar wani cikin tarago,
ni ko ina ta karɓar yabo.

Ɗakin da ba ya tunawa bai san Bohuslav ba.
Ban ga laifinsa ba. Matar da za ta sauke manhajar nan gobe
a wani gari da ban iya faɗin sunansa ba,
ita ma ba ta san shi ba,
kuma babu wanda zai jawo mata kujera.

Na kwafe layukan uku, na sa su a takardar ƙunshi,
a fili, inda kowa zai gani,
na rubuta sunansa a ƙasa.
Injin ya gina ɗaki. Ya gwada. Ya rushe.
Kore.

Zdislav zai ce in goge na asalin.
Ban goge ba.
Na rufe kwamfutar, na wanke kofi,
taragon farko yana tahowa, fitilunsa a kunne, ba kowa a ciki.